Yadda Za Ki Adana Tufafin Gado Kada Su Lalace a Hannunki

Idan Allah ya sa kin gaji zanen saƙi daga kakarki, ko babbar rigar mahaifinki mai aska takwas ta faɗo a rabonki, abin da zan fara roƙonki shi ne kada ki kai su kusa da ruwa tukuna. A gidaje da dama, da an buɗe adakar tsohuwa an ji warin ajiya, sai a tara komai a jiƙa da garin sabulu tare da atamfar kasuwa. Kafin la'asar ruwan baho ya koma shuɗi, zanen kuma ya koɗe har abada.

Ki fara da shimfiɗa farin ƙyalle a inuwa, ki warware kayan ɗaya bayan ɗaya da hannu mai tsabta, ba mai ba lalle. Ki duba abin da ke gabanki. Saƙar maza siririya ce, tsiri-tsiri ake saƙa ta sannan a harhaɗa da allura, don haka wajen haɗin ne yake fara sakewa. Saƙar mata mai faɗi ce. Idan zaren yana da kauri a wani wuri, siriri a wani, to kaɗin mazari ne, wata mace ce ta gurje audugar, ta shiɓe ta, ta kaɗa. Ni irin wannan zanen ya fi min kowane leshi daraja, domin masu wannan kaɗin sun kusa ƙarewa.

Turkuɗi shi ne wanda na fi jin tsoron a taɓa. Wannan baƙin ƙyalli nasa, wanda garin Kura ya yi suna a kansa har Buzaye suke naɗa shi rawani, ba daga rini kaɗai yake fitowa ba. Bayan an tsamo shi daga karofi, sai masu bugu su zuba masa shuni su yi ta dukansa a kan gungume har ya ɗauki sheƙi. Ruwa na sauka a kai, sheƙin ya tafi. Saboda haka turkuɗi ba a wanke shi, kakkaɓewa ake yi a shanya a inuwa. In ya dushe, ki kai wa masu bugu. A Kano kina iya samunsu a marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da 1498, inda har yau ake haɗa baba da toka a rami. Ki je da kanki in da hali, ki ɗauki yaranki. Wanda ya ga hannun marini ya rine har gwiwar hannu ba zai sake ɗaukar zanen kakarsa tsumma ba.

Saƙin auduga da ya yi datti sosai ana iya wanke shi, amma ki fara gwadawa: ki jiƙa farar auduga ki danna a gefen zanen. In launi ya biyo ta, ki haƙura da wankin. In bai biyo ba, ruwan sanyi da ɗan sabulu mara ƙarfi, ba cuɗawa, ba murɗawa. Ki shimfiɗa shi a kwance ya bushe, domin nauyin ruwa yana yaga tsohon zare a kan igiya. Babbar riga mai aikin zaren tsamiya ko alharini kuwa, ki bar ta yadda take.

Sai ajiya. Leda ita ce babbar abokiyar gaba, tana tsare danshi, da damina ta zo sai ki tarar da fumfuna. Adakar ƙarfe tana hana ɓera da gara, amma tsatsarta tana kama tufa ta ƙi fita, don haka ki shimfiɗe cikinta da wankakken farin alawayyo, ki kuma naɗe kowane kaya a nasa ƙyallen. Ki ɗora adakar a kan bulo, kada ta jingina da bango. Kafur ko kanumfari ki ƙulle su a ɗan tsumma a kusurwa, kada su taɓa kayan. Babbar riga mai nauyi ba a rataye ta, kafaɗar ce za ta fara ci.

Sau biyu a shekara ki fito da su su sha iska, bayan ɗaukewar ruwa da kuma gab da faɗuwarsa, da hantsi, ranar da babu ƙura. Duk fitowa ki sauya wajen ninki, domin a kan tsohon ninki zare yake karyewa. Idan kin ga ƙananan huji da ɗan gari a ƙasan adaka, asu ya shiga. Ki ware wannan kayan, ki kakkaɓe shi, ki goge adakar ki bar ta a rana ta yini.

Akwai aikin da ya fi duk waɗannan gaggawa. A Gidan Makama, gidan adana kayan tarihi na Kano, wanda aka gina wa Muhammadu Rumfa tun kafin ya hau sarautar Kano a 1463, abin da ke tsayar da mai ziyara gaban tsohon kaya shi ne bayanin da ke gefensa. Naki ma yana buƙatar haka. Tun gwaggo ko inna na da rai, ki zauna da ita ki tambaya: na wa ne, a wane gari aka saƙa, a lefe ya zo ko a gara, wane biki aka ɗaura shi? Ki rubuta a takarda da fensir, don tawada tana zuba, ki sa a ambulan a gefen kayan.

Kuma ki ɗaura zanen, in yana da ƙwari. Ranar kamu ko ranar sallah, ki sa farin fatari a ciki saboda baba yana kama fata, turare kuma ki shafa a jikinki, kada ki fesa wa zanen. Da kin dawo gida ki cire, ki bar shi ya kwana a shimfiɗe gumin ya fita kafin ki mayar da shi adaka.