Farin ƙuda da gadon da ya sata daga tsiro: inda manoma ke kuskure

A 2021 masu bincike a Beijing, ƙarƙashin Zhang Youjun, suka gano cewa farin ƙudan da ke addabar auduga da tumatir daga Garwa har Marwa a arewacin Kamaru, wato Bemisia tabaci, yana ɗauke da ƙwayar gado ta tsiro mai suna BtPMaT1. Tsiro kan haɗa dafi a ganyensa don kare kansa. Wannan ƙwaya kuwa ita ke kashe kaifin dafin, ƙwaron ya sha ruwan ganye lafiya lau.

Kuskuren farko shi ne zaton a gonakinmu abin ya faru, ko irin zamani ne ya jawo. Ina! An ƙiyasta shekarun satar sun haura miliyan 35, tun babu ɗan Adam balle gona.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne ɗora wa wannan ƙwaya laifin maganin feshin da ya daina ci. Dafin tsiro daban, maganin kanti daban. Taurin kan ƙwaron daga hannun mai feshi yake: in aka maimaita magani ɗaya, masu rauni su mutu, masu juriya su hayayyafa, kuma a zafinmu mako uku ya ishe shi daga ƙwai zuwa babba. Wasu kan sauya kwalba su ce sun sauya magani, alhali imidakulofirid da asetamifirid 'yan gida ɗaya ne, rukunin 4A na magungunan da ke kashe ƙwaro ta hanya iri ɗaya. A karanta sunan sinadarin a jikin kwalba, ba sunan kasuwa ba. Bayan feshi biyu a koma wani rukuni, kamar firifuroksifen na 7C mai hana 'ya'yan girma. Maganin saifametirin kuwa, in aka fesa shi kaɗai, sau da yawa ƙara ɓarna yake, don yana kashe ƙwarin da ke cin farin ƙudan.

Sai kuskuren feshin saman ganye kawai. Ƙwai da 'ya'yan a ƙarƙashi suke manne, don haka a juya bakin famfo sama, a yi da sassafe. A tuge karan auduga bayan tsinka, kada gadajen tumatir na rani su gaji ƙwarin damina.

Wasu kuma sun ji an yi tumatir mai toshe BtPMaT1, wanda ya kashe kusan duk farin ƙudan da ya sha shi. Gaskiya ne, amma a ɗakin gwaji aka yi. Duk wanda ya tallata maka irinsa a kasuwar Garwa, riƙe kuɗinka.