Yadda za ka buga Dino Crisis na farko ba tare da dainoso sun gama da kai ba

Duk wanda ya saba da Resident Evil ya zo ya kama Dino Crisis, kuskuren farko da yake yi shi ne ya ɗauka gem ɗaya ne aka canza wa riga. Eh kamfanin Capcom ne ya yi su duka, kuma Shinji Mikami ne ya jagoranci wannan ɗin ma, ya fito a PlayStation a 1999, tafiyar ma iri ɗaya ce, wato ka danna sama wadda kake sarrafawa ta yi gaba duk inda kyamara ta kalla. Amma fa abokan gaba ba ɗaya ba ne. Zombi yana tafe yana jan ƙafa, kana da lokacin tsayawa ka saita bindiga. Raptor kuwa, dainoson da za ka fi haɗuwa da shi a nan, ya fi ka gudu, yana tsalle, yana bin ka daga ɗaki zuwa ɗaki, wani lokacin ma ya make bindigar daga hannunka ta faɗi ƙasa sai ka koma ka ɗauka. To in kana so ka kai ƙarshe ka cire tunanin kashe komai daga ranka tun yanzu.

Labarin a taƙaice, kai ne Regina, mai jan gashi, jami'ar wata rundunar sirri da aka tura tsibirin Ibis a 2009 su kamo Dakta Edward Kirk, masanin da aka ce ya mutu ashe yana can yana gwajin wani makamashi da ake kira Third Energy. Gwajin ne ya kwaɓe ya jawo dainoso daga zamaninsu. Tare da kai akwai Gail da Rick, na huɗunku Cooper tun a bidiyon farko T-Rex, ƙaton dainoson nan, ya yi kalaci da shi.

Fara da koyon juyawa. Akwai botin da yake juya Regina baya gaba ɗaya a take, R2 ne a hannun PlayStation, ka matsa shi har yatsanka ya saba tun kafin ka haɗu da raptor na farko, don in ka tsaya juyawa a hankali ya riga ya hau bayanka. Sannan tana iya tafiya da bindiga a ɗage, abin da Resident Evil na lokacin bai bari, yana da amfani in za ka sha kwana ba ka san me ke jira ba.

Harsashi kaɗan ne, kuma fistol ɗin da ka fara da ita sai ka zuba wa raptor ɗaya harsasai da yawa kafin ya kwanta, kashe shi ɗin ma ba ya nufin hanyar ta zama lafiya har abada, labari na ci gaba sai ka dawo ka tarar da wani a wajen. Shi ya sa allurar barci ta fi harsashi daraja a gem ɗin nan. Da shotgun ake harba ta, ka sa masa ya zube ka wuce abinka, sai dai kar ka tsaya leƙe-leƙe a ɗakin don zai farka. Ƙaramar allura tana buƙatar harbi fiye da ɗaya, babba ta fi saurin kayar da shi.

Ka kula da shingen leza da ke cikin dogayen barandu, jajayen layukan nan da suke tare hanya, kowanne da makunninsa a bango. Yawancin sababbi kashewa suke yi su wuce su bar shi a kashe, alhali amfaninsa shi ne ka tsallaka ka juyo ka sake kunnawa, raptor ya taho a guje ya daki lezar ya koma baya. In ma ka matsu sai ka kashe shi, to daga bayan shingen ka harbe shi hankali kwance, bai isa ya taɓa ka ba. Haka ma hanyoyin iska na cikin silin, duk inda ka ga murfinsu ka duba ina suke ɓullewa, sau da yawa za su tsallakar da kai barandar da ke cike da bala'i.

Babu layin lafiya a allo, jikin Regina za ka kalla. In ta fara dafe gefenta an ji mata, in tana ɗingishi to saura ƙiris. Mafi muni shi ne zubar jini, za ka ga ɗigon jini yana bin ta a ƙasa, lafiyarta na raguwa ko ba a sake taɓa ta ba, maganin Hemostat ne yake tsayar da shi, don haka kar ka taɓa fita yawo ba ka da ko guda ɗaya. In kalmar DANGER ta fara walƙiya a allo kuma ba lokacin kallo ba ne, ka yi ta danna botina da sauri har ta kuɓuce.

Yanzu maganar haɗe-haɗe, nan ne gem ɗin yake da daɗi kuma nan mutane suke asara. A menu akwai wajen haɗa kaya biyu su ba da wani abu, kuma yana nuna maka abin da zai fito kafin ka amince, to ka riƙa gwadawa kana dubawa ba sai ka yarda ba. An. Aid shi ne tushen allurar barci, Intensifier yana ƙara ƙarfin abu, Multiplier yana ƙara yawansa. Resuscitation kuwa shi ne mai tashinka in an kashe ka, amma in ka haɗa shi da babbar allurar barci yana ba da allurar guba, wadda harbi ɗaya take kashe dainoso in ban da T-Rex. Ni a ganina in hannunka ya faɗa, gara ka mai da wasu guba ka ajiye su saboda Therizinosaurus, masu dogayen faratan nan na benayen ƙarƙashin ƙasa, don su in suka ritsa ka a lungu ba a cewa komai. In kuma har yanzu kana yawan mutuwa to bar abinka yadda yake.

Akwatunan gaggawa da ke jikin bango kala uku ne, ja na harsasai, kore na magani, rawaya gauraye. Da filogi ake buɗe su kuma filogin ba su isa ka buɗe duka ba, saboda haka kar ka ga akwati ka hau zuba filogi, ka tambayi kanka me ya fi ƙaranci a jakarka. Masu kala ɗaya da ka riga ka buɗe suna haɗe da juna, abin da ka ajiye a wancan za ka iya ɗauka a wannan.

Ka nemi biro da takarda, ko ka riƙa ɗaukar hoton allo da waya. Wannan da gaske nake, gem ɗin ba ya ajiye takardun da ka karanta, in ka ga lambar sirri a wata takarda a kan tebur ka wuce ba ka rubuta ba, sai ka sake ratsa dainoso ka dawo ka karanta. Ƙofofin DDK su ma suna rikita mutane, kowacce tana son faifai biyu masu harafi ɗaya, na Code da na Input, in ba su cika biyu ba kar ka ɓata lokaci. Idan ka sa su za ka ga jerin haruffa a sama da wasu a ƙasa, sai ka cire na ƙasan daga na saman, abin da ya rage shi ne kalmar. Ta farko, mai harafin H, in ka cire B da C da F da G da I sai HEAD ya rage. Na gaba suna ƙara wuya, lambobi ne suke zuwa maimakon haruffa, 1 tana nufin A, 2 tana nufin B, daga baya ma ƙa'idar ta sake canzawa, amma kullum akwai takarda a kusa da ta yi bayani, kuma kalmar da harafin faifan take farawa. Akwai kuma na'urar ɗaukar zanen yatsa, ita sai ka haɗa lambar rajistar ma'aikaci da zanen yatsansa, galibi daga gawarsa, kafin kwamfuta ta sake rubuta maka katin shiga.

Sebin ba ya cin komai, wasu ɗakuna ne na musamman da in za ka fita sai a tambaye ka ko za ka yi. Ka ce eh kullum, kuma ka riƙa amfani da gurbi fiye da ɗaya.

T-Rex ba a kashe shi da harbi, kar ka ƙarar da kayanka a kansa. In ya fasa taga ya zuro kai, ko ya biyo ka a filin saukar helikwafta, aikinka ka kauce ka ja lokaci, harbin sai dai don ka mai da shi baya lokacin da ya kawo baki.

Sau da yawa Gail da Rick za su yi saɓani a ce ka zaɓi ɗaya. Hanyar Gail ta faɗa ce, ta Rick ta wasan ƙwaƙwalwa ce da kwamfuta. Ka duba jakarka kafin ka zaɓa, in harsashi ya yi ƙasa bi Rick ba kunya. Zaɓin ƙarshe da inda ka nufa bayansa su ne suke yanke wanne za ka gani cikin ƙarshe 3 da gem ɗin yake da su, to ka yi sebin daban kafin wajen don kar ka sake bugawa tun daga farko. Wanda ya gama cikin ƙasa da awa 5 yana buɗe wani ƙarin wasa mai suna Operation Wipe Out, amma wannan ba na zagayen farko ba ne, sai ka haddace taswira. In ba ka da tsohuwar PlayStation, an sake fitar da shi na kwamfuta a GOG, wani shagon sayar da gem a intanet, a Janairun 2025 tare da na biyun, sai dai Dino Crisis 2 na 2000 harbi ne zalla ana tara maki ana sayen makamai, yawancin dabarun nan ba za su yi maka aiki a can ba.