Yadda ake kula da tokin shiga da tokin sabuntawa a laburaren API

API hanya ce da manhaja ke bi ta aika buƙata zuwa sabar, wato kwamfutar da ke riƙe da bayanai, laburaren kuma shi ne tarin umarnin da ke yi mata wannan aiki. A tsarin ba da izini na OAuth 2.0, wanda IETF, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin intanet, ta fitar a 2012 cikin takardar RFC 6749, sabar takan ba manhaja tokin iri biyu, wato shaidar izinin da mai asusu ya bayar. Akwai tokin shiga mai gajeren wa'adi, wanda a wurin Google kimanin awa ɗaya yake yi, akwai kuma tokin sabuntawa da ake miƙawa a karɓo sabon na shiga ba tare da an sake neman kalmar sirrin mai asusu ba.

Da farko, idan amsar sabar ta iso, kada ka adana adadin da ke cikin expires_in, wato gurbin da ke nuna tsawon wa'adin tokin shiga, yadda ya zo, domin daƙiƙoƙi ne da ake ƙirgawa daga lokacin bayarwa, misali 3600. Ka haɗa shi da agogon na'ura ka fitar da lokacin ƙarewa, sannan ka rage kamar daƙiƙa 60, saboda agogon waya da na sabar ba kasafai suke tafiya daidai ba.

Tokin sabuntawa kuwa a ɓoye ake adana shi, ta hanyar ma'ajiyar sirri ta waya, wato Keystore a Android ko Keychain a iOS, kuma kada ya taɓa bayyana a rahoton kurakurai.

Bayan haka, kowace buƙata ta bi ta ƙofa ɗaya a cikin laburaren, wadda za ta duba wa'adi kafin ta saka tokin shiga a layin Authorization, wato layin izini da ke saman buƙatar. Idan duk da haka sabar ta amsa da lambar 401, wato ba ta amince da tokin ba, a sabunta shi sau ɗaya, a maimaita buƙatar sau ɗaya, daga nan a tsaya.

Inda aka fi samun matsala shi ne lokacin da buƙatu da yawa suka tarar wa'adi ya ƙare a tare. Sabobi da dama suna canza tokin sabuntawa duk lokacin da aka yi amfani da shi, dabarar da RFC 9700 ta 2025 ta lissafa cikin hanyoyin kare manhajojin waya da na burauza. Idan tsohon ya sake dawowa, sabar tana iya ɗauka cewa an sace shi, ta soke har da sabon, mai asusu ya ga an fitar da shi babu gaira babu dalili. Saboda haka sai ka sa kulle: buƙata ɗaya ta je ta sabunta, sauran su jira. Wadda kulle ya buɗe mata ta sake duba wa'adi tukuna, domin wataƙila ta gabanta ta riga ta gama aikin. A ganina, wajibi ne a adana sabon tokin kafin a saki kullen, ko da hakan zai ɗan ja lokaci.

Daga ƙarshe, ka bambanta gazawa iri biyu. Idan amsar ta ce invalid_grant, tokin ya mutu ko an soke shi, sai a goge abin da aka adana, a sanar da manhaja ta nemi mai asusu ya sake shiga. Idan kuwa intanet ce ta yanke, ko sabar ta amsa da lambar 503, wato ba ta iya aiki a lokacin, kada a goge komai. A dakata a sake gwadawa, ana ƙara tsawon jira a kowane karo.