Yadda Ake Tantance Dokokin Shige da Fice Kafin Yin Ƙaura

Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna cewa a shekarar 2020 mutane kimanin miliyan 281 ne ke zaune a wajen ƙasashen da aka haife su, kuma kowace ƙasa da irin ƙa'idojin da take bi wajen karɓar baƙi. Abin da ya kamata mai niyyar ƙaura ya fara yi shi ne ya tsayar da dalilin tafiyarsa, ko aiki ne, ko karatu, ko komawa wurin iyali, domin kowanne da irin bizarsa, kuma bizar ziyara ba ta ba mutum izinin aiki.

Idan aiki kake nema, ka binciki yadda ƙasar take zaɓen ma'aikata. Kanada tana amfani da tsarin maki, inda shirinta na Express Entry da ya fara a 2015 yake auna shekarunka da iliminka da ƙwarewarka a aiki da iya Turanci ko Faransanci. Jamus kuwa ta ɓullo da izinin zama mai suna Chancenkarte a watan Yunin 2024, wanda ke ba masu sana'a damar zama har shekara guda suna neman aiki. A ƙasashen Larabawa na yankin Gulf lamarin ya sha bamban, domin izinin zamanka yana rataye ne a wuyan kafili, wato ubangidan da ya ɗauke ka aiki ya tsaya maka, kuma a nan ne nake ganin mutane suka fi cutuwa. Katar ta soke sharaɗin neman amincewar ubangida kafin sauya aiki a 2020, Saudiyya ma ta sassauta nata tsarin a 2021, amma sassaucin na Saudiyya bai haɗa da masu aikatau a gidaje ba. Don haka kada ka sa hannu a kwantiragin da ba ka karanta ba, ka tabbatar an rubuta albashi da sa'o'in aiki da wanda zai biya kuɗin jirgin dawowa, kuma fasfonka ya ci gaba da zama a hannunka.

Daga nan sai ka duba ranar da aka rubuta duk bayanin da ka samu, domin dokokin nan suna saurin sauyawa. Tun daga Janairun 2024 Birtaniya ta hana yawancin ɗalibai baƙi tafiya da iyalansu, sai masu karatun bincike mai zurfi da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu, alhali kafin nan masu digiri na biyu suna da wannan dama. Shafin intanet na hukumar shige da fice ko na ofishin jakadancin ƙasar shi ne abin dogaro, ba maganar dillali ba, kuma duk wanda ya ce yana da tabbacin samo maka biza, ka yi nesa da shi.

Ka kuma kiyaye wa'adin da aka ɗibar maka. A yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, mai ziyara ba ya wuce kwana 90 a cikin kowane kwana 180, kuma wanda ya zarce yana iya fuskantar tara, ko a tusa ƙeyarsa gida tare da hana shi sake shiga na wani lokaci.