Kasada ko taka-tsantsan: yadda ake zaɓar bugu a filin golf

Kana tsaye yadi 200 daga tuta, ga tafki tsakaninka da girin (shararren filin da ramin da tutarsa suke), mai ɗaukar jakarka ya tsaya yana jiran ya ji sandar da za ka kira. Zuciya tana ce maka tsallaka, ai ka taɓa yi. Gaskiya ne ka taɓa yi. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: in aka ajiye maka ƙwallo goma a nan, guda nawa za su tsallaka? Duk maganar kasada da taka-tsantsan a wasan golf a kan wannan tambaya take zaune, kuma lissafi ne ke amsa ta. Jarumta da tsoro ba su da hurumi a ciki.

Fara da sanin hannunka

Ƙwallo ba ya sauka a wuri ɗaya, ko a hannun gwanayen duniya. Yana watsuwa ne cikin wani fili mai tsawo da faɗi, kuma wannan filin kake saitawa, ba ƙwallo guda ba. Saboda haka ka je wurin atisaye, ka buga ƙwallo 20 da kowace sanda da ka fi amfani da ita: direba (sandar bugu mafi nisa), ayon 5 da ayon 7 (sandunan ƙarfe na matsakaiciyar tazara), da wej (ta gajeren bugu mai tashi sama). Ka cire biyu mafi kyau da biyu mafi muni. Sauran 16 ɗin su ne kai. Ka rubuta abu uku: tazarar da ƙwallon ke yi a sama kafin ya taɓa ƙasa, faɗin watsuwarsa daga hagu zuwa dama, da gefen da ya fi yawan karkata.

Tazarar sama ita ce mai muhimmanci, don ruwa da ramin yashi ba ruwansu da gangarawar da ƙwallo zai yi bayan ya sauka. A nan masu wasan nishaɗi suka fi yaudarar kansu. Mutum ya taɓa buga yadi 160 da ayon 7 sau ɗaya, iska na bayansa, sai ya riƙe 160 a ka, alhali bugunsa na yau da kullum 145 ne. Shi ya sa kuskuren mafi yawansu gazawa ce, ba zarcewa ba, kuma a gaban girin aka fi ajiye ruwa da yashi. Magani mai sauƙi: ka zaɓi sandar da bugunka mafi kyau da ita zai kai ƙarshen girin ta baya. Bugun da ya ɗan gaza sai ya faɗi a tsakiya.

Kowane kuskure da farashinsa

Farar turaka alamar wajen fili ce. Ƙwallon da ya fita, ko ya ɓace ba a gan shi cikin minti 3 ba, tararsa bugu ɗaya ne tare da komawa inda ka buga. In daga wurin bugun farko ne, bugu na uku za ka yi a inda ka yi na farko, wato ka yi asarar biyu cur. Jar turaka da rawaya suna nuna ruwa ko makamancinsa: tarar bugu ɗaya, amma galibi ba ka rasa duk tazarar da ka ci ba. Shiga cikin bishiyoyi kusan bugu ɗaya ne, don sai ka fito gefe. Doguwar ciyawa kuwa arha ce. Mark Broadie, malami a Jami'ar Columbia da ke Amurka, wanda ya tsara hanyar auna ƙimar kowane bugu, ya nuna cewa daga yadi 100 ƙwararrun PGA Tour, babban jerin gasannin golf na Amurka, na buƙatar kimanin bugu 2.8 su gama rami in ƙwallo na kan shararriyar ciyawa, kimanin 3.0 in yana cikin doguwa. Bambancin bai kai sulusin bugu ba.

Abin da wannan ke nufi a bugun farko shi ne: kada ka ajiye direba don tsoron doguwar ciyawa kawai. Kusanci da rami riba ce ta gaske, kuma yadi 30 da ka bari a baya kana biyan kuɗinsu a bugu na biyu. Direba yana komawa jaka ne in faɗin watsuwarka ya taɓa farar turaka, ko ruwa, ko ramin yashi mai zurfin da ba ka iya kai wa girin daga cikinsa. In haɗarin gefe ɗaya yake, ba sai ka sauya sanda ba, saiti za ka sauya. Ka kafa ƙwallon a gefen da haɗarin yake, ka nufi can nesa da shi, ko da rabin ƙwallayenka za su faɗa ciyawar ɗaya gefen.

Yanayin ƙasa ma yana sauya lissafin. A 2006 a filin Royal Liverpool da ke Ingila, zafi ya busar da ƙasa ta yi tauri, ƙwallo na gangarawa ba iyaka. Tiger Woods ya buga direba sau ɗaya tak a ramuka 72, ya riƙa tsayawa kafin ramukan yashi da dogon ayon, ya lashe gasar Open, ɗaya daga manyan gasannin golf, da bugu 18 ƙasa da ƙa'ida, wato adadin bugun da aka ƙayyade wa ramukan. Wanda ke wasa a Kano ko Kaduna da rani ya san irin wannan ƙasa: ƙwallo na tafiya nesa, amma bayan ya sauka ba ka da iko da shi. Da damina kuwa inda ya faɗi nan zai tsaya, sai a koma ga direba.

Bugun shiga girin

A nan ne ya kamata taka-tsantsan ya fi yawa, a nan kuma kwaɗayi ya fi kama mutane, domin tuta tana jan ido. Tutar da aka kafa yadi 4 ko 5 daga bakin ruwa tarko ce. In faɗin watsuwar ayon ɗinka yadi 30 ne, 15 kowane gefe, ka saita tuta, to ka riga ka yarda wani kaso na ƙwallayenka ya jiƙe. Ka matsar da saitin zuwa tsakiyar girin. Kuskuren da ya karkata wajen tuta sai ya zame maka alheri, wanda ya karkata ɗaya gefen kuma ya bar ka a kan girin ko bakinsa.

Rami na 12 a filin Augusta da ke Amurka, inda ake babbar gasar Masters, yadi 155 ne kacal, ƙa'idarsa bugu 3, da rafi a gabansa. A ranar ƙarshe tutar kan kasance a dama, inda tsallaka ruwan ya fi tsawo. A 2016 Jordan Spieth ya jefa ƙwallo biyu a ruwan, ya gama ramin da 7, kofin ya tafi hannun Danny Willett. A 2019 Francesco Molinari, Brooks Koepka, Ian Poulter da Tony Finau duk sun faɗa ruwan a rana ɗaya. Woods ya buga can hagu da tuta, ya sauka a girin, ya tura ƙwallon a ƙasa sau biyu ya tashi da 3. Daga nan gasar ta juya masa.

Ko babu ruwa, ka guji faɗawa gefen da tuta ta matse da bakin girin, don ba za ka sami filin da ƙwallo zai gangara ya tsaya ba. Ka kuma dubi mazaunin ƙwallon kafin komai. In yana kan gangare mai kallon ƙasa, zai tashi ƙasa-ƙasa. In ciyawa ta shiga tsakaninsa da fuskar sanda, juyawarsa za ta ragu, ya zarce, ya ƙi tsayawa. Iskar da ke fuskantarka tana cin tazara fiye da yadda ta baya ke ƙarawa, tana kuma ƙara lanƙwasa ƙwallo. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ya isa ya sa ka bar tuta.

Tsallakawa ko ajiyewa

Mu koma ga tafkin nan, a rami mai ƙa'idar bugu 5, ka riga ka yi bugu ɗaya. In ka tsallaka lafiya, a ce za ka gama da 4. In ka faɗa ruwa, 6. In ka ajiye ƙwallon kafin ruwa ka shiga da wej, 5. Mai tsallakawa sau 4 cikin 10 zai tara 16 a huɗun da suka tsallaka da 36 a shidan da suka faɗa ruwa, wato 52, alhali ajiyewa 50 ce. Mai tsallakawa sau 7 zai tara 28 da 18, wato 46, kuma shi ajiyewa ce asararsa. A takarda rabi da rabi ne iyakar, amma wanda ya faɗa ruwa sau da yawa da 7 yake tashi saboda ɓacin rai, don haka mun fi son a ce sai 6 ko 7 cikin 10 kafin a gwada.

Duka hanyoyin biyu sun ci manyan kofuna. Zach Johnson ya lashe Masters a 2007 ba tare da ya nemi girin da bugu biyu ba a ko ɗaya daga ramuka masu ƙa'idar 5, kuma ya buga su 11 ƙasa da ƙa'ida, saboda ya yarda da wej ɗinsa. David Toms a gasar PGA ta 2001 a Atlanta ya ajiye kafin ruwa a ramin ƙarshe, ya shiga da wej, ya zura daga ƙafa 12, ya doke Phil Mickelson da bugu ɗaya. Shi kuma Mickelson a Masters ta 2010, a rami na 13, ya ratsa tsakanin bishiyoyi da ayon 6 daga yadi 207, ya tsallaka rafi, ya ci gasar. Kowannensu ya zaɓi abin da hannunsa ya saba yi.

In za ka ajiye, ka ajiye da gaske. Ka bar aƙalla yadi 15 tsakanin bugunka mafi tsawo da bakin ruwa. Babu asarar da ta kai ta mutumin da ya ce zai yi taka-tsantsan, ƙwallon ya gangara ruwa. In kuma babu wani haɗari a gaba, ka matsa kusa iyakar iyawarka: yadi 50 ya fi yadi 100 ga kusan kowa.

Bayan kuskure

Bugun da ya fi kowane tsada shi ne wanda ke bin kuskure, don a nan ake garin neman gira a rasa ido. A 1999 a filin Carnoustie da ke Scotland, Bafaranshe Jean van de Velde ya zo ramin ƙarshe da ratar bugu 3. Ko 6 ya yi a ramin mai ƙa'idar 4, kofin Open nasa ne. Direbansa ya kauce dama, ya yi sa'a ƙwallon ya sami mazauni mai kyau. Wej biyu da turi biyu sun ishe shi. Sai ya zaro ayon 2 ya nufi girin. Ƙwallon ya bugi ƙarfen wurin zaman 'yan kallo ya dawo cikin ciyawa mai kauri, na uku ya faɗa rafi, na biyar ramin yashi, ya gama da 7. Paul Lawrie ya ɗauki kofin a wasan raba gardama.

In ka tsinci kanka cikin bishiyoyi, ka nemi ƙofar da za ka bi sau 9 cikin 10, ko da gefe ce, ka ɗauki ayon 5 ko 6 don ƙwallon ya bi ƙarƙashin rassa. In ya maƙale a gindin bishiya ko cikin ƙaya, doka ta ba ka dama ka ce ba ya buguwa: tarar bugu ɗaya, ka sake shi cikin tsawon sanda biyu ba tare da ka kusanci rami ba. Sau da yawa wannan ya fi sara uku a wuri ɗaya arha.

Irin gasar ma tana da ta cewa. Inda ake ƙirga duk bugu, 9 a rami guda tana bin ka har ƙarshe. A tsarin Stableford, inda ake tara maki a kowane rami, bugu biyu sama da ƙa'ida ba maki, goma ma ba maki, don haka in bugu ɗaya ya rage maka ka tsira da maki, ka gwada. A karawar mutum da mutum kuwa abokin karawarka kake kallo: in ya faɗa ruwa, tsakiyar girin ta ishe ka, in kuma ya manna ƙwallo a gindin tuta ramuka na ƙarewa, dole ka nemi tutar.

Da ka yanke shawara, ka buga da cikakken lilo. Mutane kan zaɓi ajiyewa, sai su sassauta hannu a tsakiyar bugu, fuskar sanda ta buɗe ko ta sari ƙasa kafin ƙwallo. Ka zaɓi takamaiman wuri, kamar wata bishiya a bayan girin ko gefen ramin yashi, ka nufe shi kamar tuta ce. Sannan a zagaye biyar masu zuwa, ka riƙa sa alama a katinka duk inda ka ci tara ko ka yi biyu sama da ƙa'ida, ka rubuta sandar da ka riƙe da inda ka saita. Ramukan da alamar ta maimaitu a kansu, su za ka fara sauya wa sanda ko saiti.