Ganye, lambar gwajin jini da tiyatar ciwon daji: inda jama'a suke yawan tafka kuskure

Duk wanda yake cikin gurup na dangi ko na unguwa a WhatsApp ya san irin saƙon nan, "masana sun gano zogale yana kashe ciwon daji", gobe a ce habbatus sauda, jibi kurkur, kuma abin da zai baka mamaki sau da yawa ba ƙarya tsagwaronta ba ce, akwai binciken da gaske. Matsalar a wajen karanta shi take. Mafi yawan irin wannan binciken a ɗakin gwaje-gwaje aka yi shi, an ɗauko ƙwayoyin kansa, wato ciwon daji, da ake renonsu a ɗan faranti na roba, irin su MCF-7 na kansar mama ko HeLa da aka ɗauka daga jikin wata mata a Amurka tun 1951, aka ɗiga musu ruwan ganyen aka ga sun mutu. Toh ai ko bilicin wanki ka ɗiga musu mutuwa za su yi. Tambayar ita ce shin abin zai kashe su a cikin jikin mutum ba tare da ya kashe hanta da ƙoda ba, kuma ma zai isa wajen? Kurkur misali ne mai kyau, sinadarin da ke cikinsa yana abin mamaki a faranti amma in ka sha kaɗan ne ƙwarai yake shiga jini, hanji da hanta sun gama da shi tun a hanya. Don haka duk saƙon da aka turo maka, abu na farko da zaka nema: a faranti aka gwada, a kan ɓeraye, ko a kan mutane? In mutane ne, su nawa, kuma da wa aka kwatanta su?

Kar wani ya ɗauka raina tsirrai nake, a'a wallahi. Wasu daga cikin manyan magungunan kemo, wato masu kashe ƙwayoyin ciwon daji, da ake ɗaura wa marasa lafiya a Asibitin Malam Aminu Kano daga tsiro suka fito. Vincristine da vinblastine daga wata fulawa ce 'yar asalin Madagaska wadda ma ake shukawa a gidaje don ado, masu bincike suna neman maganin ciwon suga ne a cikinta a shekarun 1950 sai suka ga tana rage fararen ƙwayoyin jini. Taxol daga ɓawon wata bishiya ne a Amurka, an ɗebo ɓawon a 1962, ba a amince a fara ba marasa lafiya ba sai 1992. Shekara 30 kenan ana tacewa, ana auna yawan da jiki zai ɗauka. Mu ma nan gida cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta haɗa Niprisan na masu sikila da abubuwan da kowa ya sani ciki har da masoro da kanumfari. Amma ka lura, ba wanda ya ce a je a tafasa fulawar Madagaskan nan a sha, guba ce. An ciro sinadaran nan biyu ne daga cikin da yawa, aka san awonsu.

Ɗalibai masu yin furojet a BUK da sauran makarantu, ku ma akwai naku. Mutum zai je Kasuwar Kurmi ya sayo garin ganye a ƙulle a leda, mai sayarwa ya gaya masa sunan Hausa shikenan ya rubuta sunan kimiyya daga intanet, alhali suna ɗaya na Hausa kan iya hawa kan tsirrai biyu ko uku, kuma gari in an niƙa ba mai iya rantsuwa a kan abin da ke ciki. Ka tsinko tsiron da kanka da ganyensa da furensa, ka kai sashen ilimin tsirrai a tantance a baka lambar ajiya. Sannan in da sinadarin metanol ka jiƙa, kar ka rufe da cewa "wannan ya tabbatar da yadda masu maganin gargajiya suke amfani da shi", su da ruwa suke dafawa, abin da metanol ke fitarwa daban. Wanda ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne a yi wani gwajin lab mai suna DPPH kawai a ga ganye yana da sinadaran kare ƙwayoyin halitta sai a rubuta yana maganin kansa. Ba haka abin yake ba. A Finlan an ba masu shan taba sinadarin beta karotin ana zaton zai kare su, sakamakon da ya fito a 1994 ya nuna kansar huhu ƙaruwa ta yi da kusan kashi 18 cikin 100. Bitamin E ma haka, wani babban gwaji a Amurka ya nuna a 2011 cewa ya ƙara kansar furostet, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, da kashi 17 cikin 100.

Sai maganar gwajin jini, nan ne hankalin mutane ya fi tashi a banza, ko kuma ya kwanta a banza. Yanzu lab ya yi yawa a gari, mutum zai shiga da kansa ba likitan da ya tura shi, ya ce a yi masa "gwajin kansa", a miƙo masa takarda da lamba ɗaya an ja mata layi. Dattijo ya ga PSA ɗinsa, wato lambar da ake dubawa don kansar furostet, ta haura 4 sai gida ya rikice a fara kiran 'ya'ya na Abuja da Legas. Alhali kumburin furostet na tsufa yana ɗaga ta, ciwon sanyin mafitsara yana ɗaga ta, robar fitsari da aka saka kwanan nan ma haka. A gefe guda wanda yake shan finasteride na kumburin furostet, maganin yana rage lambar da kusan rabi, sai ka ga rizal ɗin ya yi kyau alhali likita ya kamata ya ninka. Mata kuma CA-125 ce, wadda ake dubawa don kansar ƙwan mace, iyakar da aka saba sawa 35, amma jinin al'ada, juna biyu, ƙarin mahaifa, ciwon hanta mai tara ruwa a ciki, har tarin fuka na cikin ciki wanda ba baƙo ba ne a nan wajenmu, duk suna iya ɗaga ta sosai. AFP da ake dubawa don kansar hanta tana hawa ga mai ciki da mai hepataitis. CEA, wadda aka fi dubawa don kansar hanji, tana ɗan hawa ga mai shan sigari. Kuma akwai masu kansar da gaske da lambarsu take daidai, musamman a farkon ciwon, sai mutum ya riƙe takarda yana cewa ai an gwada ba komai alhali ƙullutun yana nan yana girma.

Amfanin waɗannan lambobin ya fi yawa bayan an riga an tabbatar da ciwon, ana bin su a ga ko magani yana aiki ko ciwon ya dawo, shi ma so samu a lab ɗaya ake maimaitawa don injina sun bambanta. Abin da ke tabbatar da ciwon daji shi ne a ɗan ɗebi tsoka a duba a madubin likita.

Kuma saukar lamba ba warkewa ba ce. A Amurka an taɓa yin wani haɗin ganye mai suna PC-SPES, maza masu kansar furostet suka yi ta sha PSA tana sauka, da aka bincika sai aka tarar da magungunan asibiti a ciki har da warfarin mai tsinka jini da wani sinadari mai aiki irin na homon ɗin mata, a 2002 aka janye shi daga kasuwa. Ka tuna da wannan duk ranar da mai mota da lasifika ya ɗaga maka takardar lab ta wani yana cewa ga shaida. Lambar NAFDAC da ke jikin kwalbar ma mutane ba su fahimce ta ba, ta maganin gargajiya yawanci tana nufin an duba ba a ga cutarwa ba a gwajin da aka yi, shi ya sa zaka ga an rubuta a jiki cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba. Karanta ƙananan rubutun nan.

Babban kuskuren dai, wanda yake cin rai, shi ne maganar nan ta "daji ba ya son ƙarfe". Mace ta ji ƙullutu a mama kamar ƙwallon dabino, likita ya ce a ɗebi tsoka, sai gwaggo ta ce kul, in ƙarfe ya taɓa shi bazuwa zai yi, a koma gida a shafa wannan a sha wancan, wata shida, shekara, sai ya fashe yana wari hammata ta kumbura sannan a ɗauko ta a adaidaita sahu a kawo asibiti. A lokacin ya riga ya je huhu ko ƙashi, in an yi aikin ma don rage mata wahala ne, ta rasu bayan 'yan watanni, sai a ce kun gani ko, ai mun faɗa. Haka camfin yake ciyar da kansa, waɗanda aka yi wa aiki da wuri suka warke ba sa yawo suna ba da labari, yawancinsu ɓoyewa ma suke don kar a sani. Wani nazari da mujallar BMJ ta buga a 2020 ya nuna duk jinkirin sati 4 kafin tiyata yana ƙara haɗarin mutuwa da kashi 6 zuwa 8 cikin 100 a kansoshin da aka duba. Masu bincike a jami'ar Yale kuma a 2018 sun ga waɗanda suka bar maganin asibiti suka riƙe na gargajiya kaɗai haɗarin mutuwarsu ya ninka sau 2.5, a kansar mama ya haura sau 5. Addu'a da rubutu da zamzam ba wanda ya hana, a haɗa da zuwa asibitin, ba su cin karo.

In an sa ranar aiki kuma, dan Allah a daina ɓoye wa likita abin da ake sha. Ana tambaya "Hajiya kina shan wani magani?" sai ta ce a'a, don a wajenta jiƙo da tsimi da man tafarnuwa ba magani ba ne. Tafarnuwa da citta da kurkur in ana shan su da yawa a matsayin magani suna iya sa jini ya ƙi tsayawa da wuri, ba wai ɗan wanda ke cikin miya ba. Wasu haɗe-haɗen kuma suna taɓa suga ko hawan jini ko su rikita allurar barci. Likitocin sa barci sukan so a dakata da irin waɗannan kamar sati 2 kafin aiki. Mafi sauƙi ka zuba duk kwalabe da ƙulle-ƙullen a leda ka tafi da su ranar ganin likita, ko ya yi faɗa ya fi.

Bayan aiki ma ba a gama ba. Abin da aka ciro ana kai shi gwaji, wannan takardar ita ke faɗin irin kansar, ko an cire ta duka har gefe-gefe, ko ta shiga kaluluwa, kuma da ita ake yanke ko za a yi kemo ko gashin ciwon da hasken na'ura. Mutane da yawa da zarar ɗinki ya warke shikenan ba a sake ganinsu ba, takardar tana can a ajiye ba wanda ya karɓa. Masu rubuta bincike daga fayil-fayil na marasa lafiya su ma su kiyaye, wanda bai dawo kilinik ba kar a lissafa shi cikin waɗanda suka warke, a kira lambar wayar da ke fayil ɗin a ji, in ba a same shi ba a rubuta ba a same shi ba. Ku kuma masu jinya, kafin a sallame ku ku tambayi ranar da sakamakon tsokar zai fito da ɗakin da za a karɓa, ku rubuta a bayan katin asibiti.