Babi na 6: Kula da Ɗan Ƙaramin Kare Mai Ƙiriniya

Wannan babi na masu gadi ne da 'yan aikin gida waɗanda aka ɗora wa kula da karen maigida. Da yawa a cikinku kuka ɗaya kuke kawo mini: an bar muku wani ɗan mitsitsin kare fari mai dabbare-dabbaren ja ko baƙi, kaɗan ya fi muzuru girma, amma ya hana ku sakat. To, shi za mu karanta. Kowa ya ɗauko fensir da littafinsa. Wanda karatunsa bai yi ƙarfi ba ya riƙa bi da yatsa, layi-layi. Ba sauri muke yi ba.

Darasi na 1: Wane irin kare ne?

Sunan asalinsa Jack Russell. Ku faɗa tare da ni: Jak Rasal. Daga Ingila ya fito. Wani limamin coci mai son farauta, John Russell, mutumin yankin Devon, shi ya fara kiwon irinsa bayan ya sayi wata 'yar karya a 1819. Abin da yake nema shi ne kare ƙarami, marar tsoro, wanda zai kutsa ramin yanyawa ya koro ta waje. Dangin karnukan nan ana kiransu teriya, wato masu shiga ƙasa.

Naku ruwa-biyu ne, ma'ana ɗaya daga cikin iyayensa Jack Russell, ɗayan kuma wani iri dabam. Shi ya sa wani za ka ga gashinsa kwance, wani buzu-buzu, wani kunnensa a tsaye. Kama takan sauya, amma hali da wuya ya ɓuya. Tsayinsa daga ƙasa zuwa kafaɗa wajen santimita 25 zuwa 30 ne, kamar rular 'yan makaranta. Nauyinsa kilo 6 zuwa 8. In ya samu kula yakan yi shekara 13 zuwa 16.

Yana haƙa rami, yana tsalle, yana bin duk abin da ya motsa: ɓera, ƙadangare, kaza, kyanwa. Ba iskanci ba ne, kuma ba wanda ya yi masa asiri. Aikin da aka kiwata kakanninsa dominsa ke nan. Gajere ba yaro ba ne.

Darasi na 2: Ƙofa kafin igiya

A nan za mu daɗe, don a nan kusan kowa ke faɗuwa.

Dokar guda ce, amma tana da fuska biyu. Ba a kwance kare sai ƙofa tana rufe. Ba a buɗe ƙofa sai kare yana ɗaure.

Ku sake karantawa. Ba a kwance kare sai ƙofa tana rufe. Ba a buɗe ƙofa sai kare yana ɗaure.

Ga yadda ake yi in za ka sake shi a tsakar gida. Ka bar shi a ɗaure. Ka taka da ƙafarka zuwa get. Ka tura babbar ƙofa, ka tura ƙaramar da mutane ke bi. Ka sa sakata. Ka jijjiga da hannu ka ji ta kama. Kada ka hango daga nesa ka ce ai a rufe take; ido yana ƙarya, hannu ba ya yi. Bayan ka jijjiga, sai ka dawo ka kwance igiya. Ƙofa da farko, igiya daga baya.

In kuma mota ta yi hon a waje, ko an ƙwanƙwasa, sai a juya. Ka kira kare, ka kama shi, ka sa masa igiya ko ka shigar da shi ɗakinsa ka rufe. Sannan ka buɗe get. Na san abin da ke ranku: “Malam, maigida yana ta hon, zai yi faɗa.” Bar shi ya yi hon na minti ɗaya. Faɗan da zai yi in tayar motarsa ta taka karen ya fi wannan nesa ba kusa ba.

Wani ɗalibina a ajin bara ya buɗe wa mai ga-ruwa ƙaramar ƙofa don ya turo kurarsa. Ya ce da idonsa ya ga karen yana barci a gindin mangwaro. Kafin jarka ta farko ta sauka, karen ya yi wuf ya bi ta tsakanin tayoyin kurar. Sai la'asar aka gan shi a layi na uku, ya kashe kajin maƙwabta biyu, bakinsa duk gashi. Daga albashin bawan Allah nan aka cire kuɗin kajin. Mutum ne mai hankali, ba sakarai ba. Mataki ɗaya ya tsallake.

Don haka mu maimaita. Kare yana barci, an ƙwanƙwasa: me za ka fara yi? Ɗaure kare. Yaro ne kawai zai shigo, ba mota ba: me za ka fara yi? Ɗaure kare. Shara za ka zubar ka dawo yanzu-yanzu: me za ka fara yi? Ɗaure kare. Madalla. Wanda ya kuskure kada ya ji kunya, ni ma a farko sai da na sha mantawa. Yau da gobe hannu zai saba.

Sai ka durƙusa ka duba ƙarƙashin get da gindin katanga. Duk kafar da kansa zai shiga, jikinsa ma zai bi. In ƙasa ce mai laushi zai haƙa ya faɗaɗa ta. Ka jera bulo a wurin. Kada ka bar durom ko benci jingine da katanga, tsani ka yi masa.

Abin wuyansa kuma ka gwada shi da yatsu biyu. In yatsu biyu sun shiga tsakanin bel da wuya, daidai ne. In hannunka duka ya shiga, zai zame ya fita. In ko ɗaya bai shiga ba, kana shaƙe shi.

In ƙaddara ta sa ya fita, kada ka bi shi da gudu. Ba za ka cim masa ba, kuma shi a ganinsa wasa kuka fara. Ka tsuguna, ka kira sunansa da murya mai daɗi, ka nuna masa ɗan nama. In ya zo kada ka doke shi. Wanda ya sha duka don ya amsa kira, gobe ba zai amsa ba.

Aikin rubutu: ka samo kwali, ka rubuta da manyan baƙaƙe A RUFE ƘOFA. Ka lura da Ƙ, mai ƙugiya ce a sama, ba K ba ce. Ka ɗaure kwalin a jikin get ta ciki, daidai tsayin ido.

Kuma bari in faɗa muku gaskiya. Makon jiya mutum uku suka zo da labarin kare ya gudu, bayan duk bakin da na ɓata. Kowannensu cewa yake “ai ɗan lokaci kaɗan ne.” Haba jama'a! Da gemunku da komai a riƙa maimaita muku magana kamar 'yan aji ɗaya? Ba a kwance kare sai ƙofa tana rufe. Ba a buɗe ƙofa sai kare yana ɗaure.

Darasi na 3: Yawo da wasa

Yana buƙatar motsa jiki aƙalla awa ɗaya kullum. Ka raba biyu: da sassafe, da kuma yamma in rana ta yi sanyi. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake rage zafi, don haka tsakar rana ba lokacin yawo ba ne. Ka ɗora bayan hannunka a kan kwalta. In ta ƙona ka, za ta ƙona tafin ƙafarsa. A kan hanya igiya ba ta barin hannunka, kuma kafin ku doshi get ka riga ka sa masa ita, kamar yadda muka koya.

A cikin gida ka jefa masa ƙwallo ya ɗauko. Wanda aka ɗaure wuni guda ba motsi shi ne ke tauna takalma da tiyon ban-ruwa, ya tone fulawar Hajiya.

Darasi na 4: Abinci da ruwa

Babba sau 2 a rana, ɗan kwikwiyo sau 3 ko 4. Ka sa maigida ko likitan dabbobi ya nuna maka awo a gwangwani, ka ja layi a wurin, kada ka wuce. Ruwa mai tsabta kullum a inuwa. Kwanonsa dabam, ba ya haɗuwa da na mutane.

Kada a ba shi albasa, tafarnuwa, cakulan, inabi, goro, ko dafaffen ƙashin kaza, don yana tsagewa ya soke hanji. Kada a ba shi maganin mutane kamar farasitamol. Tunda mai kama ɓera ne, kada a zuba shinkafar ɓera inda zai kai.

Darasi na 5: Katin allura da cizo

Allurar riga-kafin haukan kare ana fara ta yana wata 3, sannan a maimaita duk shekara. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana cikin masu haɗa ta. A katinsa akwai kwanan wata biyu: ranar da aka yi, da ranar komawa. Ta biyun za ka duba. Ana rubuta rana, wata, shekara. Misali 14/03/2026 yana nufin 14 ga Maris, 2026.

In ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15 cur, sannan a tafi asibiti a ranar, da katin a hannu. Cutar haukan kare in alamunta suka bayyana ba a tashi.

Darasi na 6: Kaska da tsutsa

Ka duba cikin kunne da tsakanin yatsu bayan yawo. Maganin kaska daga likitan dabbobi za a karɓo, ba a shafa kananzir ko baƙin mai. Maganin tsutsar ciki duk wata 3.

Darasi na 7: Haushi

Yana da yawan haushi. Kada ka biye masa da ihu. In ya gaji da wasa zai rage.

Aikin gida: kowa ya zo da kwalinsa ranar Asabar in duba Ƙ ɗin.